Gaisuwar da Na Kai Kordoba

A shekarar da ruwan sama ya cinye titunan Dubai, 'yan kwanaki bayan ƙaramar Sallah, har motoci suka riƙa iyo kamar jiragen ruwan Deira, a shekarar ne na je Sifaniya. Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. Razak, mutumin zangon Kumasi da gadonsa ke saman nawa a filat ɗinmu na Satwa, kullum sai ya leƙo da kai ya ce, "Chale, ba mu labarin can mana." Injiniya Sadik, wanda muke haɗuwa a sallar Juma'a, shi tambayarsa ɗaya ce tak, babban masallacin garin da malamai ke kira Ƙurɗuba. Malam Nura kuwa, ɗalibin da ke koya mana rubutun boko ran Lahadi, ya ce tunda bakina ya gaji, in ba hannuna aikin. To ga shi. Ban daɗe da fara riƙe biro ba, wanda ya ga gyara ya gyara.

Sai na fara da Manu, don ba don shi ba babu abin da zai kai ni. Sunansa Manuwel, mu muka gutsure shi ya koma Manu kamar na Fulani. Shi ne mai gyaran injinan sanyi a siton da nake aiki a Warsan, inda ake sauke kwantenar kaji da kifi, ni kuma ina tuƙa motar ɗaga kaya. Turancina guntu ne, nasa ma ba dogo ba ne, sai mu cike giɓin da Larabcin kasuwa da hannu. Haka muka yi shekaru muna cin abincin rana a kan kwali ɗaya.

Lokacin da mahaifina ya rasu a Zariya ban samu zuwa ba. Muka shimfiɗa tabarma a falon filat, jama'a suna zuwa gaisuwa. Ranar farko da la'asar sai ga Manu a bakin ƙofa. Ya ga tarin takalma, ya cire nasa, ya shigo ya zauna a ƙasa, gwiwoyinsa sun ƙi lanƙwasuwa. Bai san abin da ake cewa ba, ya dai zauna. Washegari ya dawo, ran sadakar uku ma ya dawo, ya ci shinkafa da hannu ya zubar da rabi a wando. Har yau Razak yana kwaikwayon zaman nan nasa.

Da sanyin da ya gabaci ruwan nan, mahaifiyar Manu ta rasu. Ya tafi cikin gaggawa, kuma bai dawo ba, saboda mahaifinsa ya tsufa. Na yi masa gaisuwa a waya. Amma mutumin da ya zauna maka a ƙasa har aka tashi daga makoki, ka biya shi da waya, kamar ka nuna wa mai yunwa hoton tuwo ne. Ga kuma tsohon, wanda shi aka yi wa babban rashi, ban gaishe shi ba sam. Abin ya tsaya mini a rai.

Ranar ruwan Manu ya ga hotuna a talabijin ya kira ni.

"Habibi, kana raye, ko in aiko da kwalekwale?"

"Ina kan tulin kwalin kaji, ruwa bai iso ba tukuna."

"Ka zo wurinmu da bazara ka bushe. Mu rana ce ta yi mana yawa."

Hutuna sau ɗaya ne a shekara, kuma gida nake zuwa da shi. Na kira matata Hadiza na faɗa mata.

"Wanda ya zauna a gaisuwar Baba?"

"Shi."

"To ai babu shawara, Malam. Ka je ka gaishe da tsohon. Yara ba gudu za su yi ba."

Ita ta sa aka yi kilishi mai kyau, ta ba wani ɗan kasuwa mai zuwa Deira ya kawo mini, don ba a shiga gidan dattijo hannu rabbana. Na tambayi limaminmu abin da zan ce, tunda marigayiyar ba Musulma ba ce. Ya ce haƙuri na mai rai ne, in ba shi haƙuri, in yi wa waɗanda ta bari fatan alheri. Na kai farar shadda wurin telan unguwarmu ya ɗinka mini kaftani, na fito da hular da nake ajiyewa don Sallah. A ofishin biza aka tambaye ni abin da zan je yi, na ce gaisuwar mutuwa. Wanda ke taimaka mini ya ce ba su da wannan, sai dai yawon buɗe ido. Tun daga nan aka fara canja mini tafiya.

A filin jirgin Madrid na wuce wurin fasfo lafiya. Mutumin ya dubi hoto, ya dube ni, ya dubi gayyatar Manu, ya buga hatimi. Ina murna na ɗauki jakata, sai ga wani ɗan kare mai dogon kunne ya zo ya zauna a gabanta kamar an kira shi cin abinci. Matar da ke riƙe da shi ta ce in buɗe. Ta warware takardar kilishin, ƙamshi ya tashi, har na bayana ya haɗiyi yawu. Ta ce mene ne wannan. Na ce nama ne, amma ya bushe, tun a Zariya ya daina zama nama. Ba ta yi dariya ba. Ta ce ba a shiga ƙasarsu da nama, ɗanye ko busasshe. Na ce na wani tsoho ne da matarsa ta mutu. Ta ce ta tausaya masa, sannan ta jefa kilishin cikin wani kwando mai murfi. Dabinon da na saya a Deira ta bar mini. Karen ya bi kwandon da ido, ni ma haka.

Daga Madrid jirgin ƙasa na shiga, mai gudu, ba ƙara ba girgiza. Sunan garin da kaina na haɗa baƙaƙensa a allo, ban tambayi kowa ba, Malam Nura ya ji wannan. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta yi ta ba ni labari da yarensu tun daga tashi har sauka, ina cewa "to" tana ci gaba. A waje itatuwan zaitun ne a jere kamar sahun Idi, har ido ya gaji.

Manu yana jirana a tasha, ya rame, ya tara gemu. Ya rungume ni har ƙafata ta bar ƙasa. Muna cikin mota ya rage rediyo.

"Haladu, abu ɗaya zan roƙe ka. Kada ka ambaci Mama a gaban Baba."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan. Tun ranar da aka binne ta bai faɗi sunanta ba. In wani ya faɗa sai ya tashi ya shige ɗaki, ranar ba zai ci abinci ba. Ni da yayata Lola mun yanke mu bar shi. Kai hutu ka zo, khalas, shi ke nan. Zan nuna maka garin da ya haifi kakan Dubai."

A nan ya kamata in ce masa abin da ya hana ni shi ne ya kawo ni. Ban ce ba. A wurinmu baƙo ba ya sauke maganarsa a mota. Sai an ba shi ruwa, ya ci, ya huta, maigida ya zauna ya ce, "To, lafiya dai?" sannan ya buɗe baki. Na ɗauka ko a Sifaniya akwai ranar da za a zauna a tambaye ni. Kuma fuskar Manu cike take da murna, ban iya zuba mata ƙasa ba.

Gidansu a tsohon gari yake, inda mota ba ta shiga. Lungu ne ƙunci-ƙunci, bango fari fat, in ba don farin ba sai in ce cikin birnin Zariya nake. Abin mamaki, suna da zaure. Ka shiga zaure mai duhu da sanyi, ka fita tsakar gida, ga rijiya a rufe, ga bishiyar lemon tsami. Bangon tsakar gidan kuwa tun daga ƙasa har kusa da rufi tukwanen fure ne shuɗaye, kowace a rataye cikin zoben ƙarfe. Na ƙasa sun yi kore shar da jan fure. Na can sama sun bushe. A kusurwa an jingine wata doguwar gora kamar ta kaɗo mangwaro, da gwangwani ɗaure a kanta.

Lola ce ta fara tarbata, mace mai jiki da murya. Ta taho da kumatu, don su sumba biyu ce gaisuwarsu, ko namiji ne baƙon. Na dafa ƙirji na ja da baya, na taka wutsiyar kyanwar gidan. Kyanwa ta yi ƙara ta haye rijiya, Lola ta tsaya da baki a tsuke, Manu ya riƙe ciki. Tsohon, Baba Rafayel, yana zaune kan kujerar kaba a gindin lemon. Ɗan ƙaramin mutum ne mai farar gira da manyan hannuwa, maƙerin azurfa ne a da. Na je gabansa na durƙusa kamar yadda ake yi wa uba. Sai ya zaci wani abu na yar, ya sunkuyo yana taya ni dubawa a ƙasa. Na miƙa masa dabino, ya buɗe, idonsa ya yi haske, Lola ta zo ta ɗauke kwalin ta ɗora saman kabad. Ashe yana da ciwon suga. Tsarabata ke nan, ɗaya a kwando ɗaya a kan kabad.

Abincinsu sai a hankali. Ranar farko aka ajiye mini kwanon miyar tumatir mai kauri, daga firij, da yankakken ƙwai a kai. Na zauna ina jiran tuwon. Manu ya ce ai miyar ita ce abincin, da cokali ake sha. Daga baya na so ta, don garin yana da zafi irin na Sakkwato gab da saukar damina, busasshe mai ƙona hanci, kuma ba na'urar sanyi a gidan. Suna soya gauta su zuba mata zuma. Da safe burodi ne da man zaitun. Cinyoyin alade kuwa a kantuna rataye suke kamar yadda muke rataye albasa, amma Lola ta sayi sabon kasko domina, ba ta bar komai ya taɓa shi ba, Allah ya saka mata. Abincin rana sai wajen ƙarfe uku. Magariba ba ta yi sai lokacin da mu a Satwa mun daɗe da idar da isha'i.

Kowace safiya sai in sa kaftanin gaisuwa da hula, in ce yau ce. Kowace safiya sai Manu ya fito yana kaɗa makulli. "Yalla, yalla, kafin rana ta yi." Ya kai ni lambun wani tsohon gidan sarauta mai tafkunan kifi. Ya kai ni kufan wani birni a bayan gari, duwatsu a zube, rana tana dukanmu. Ya kai ni unguwar da Yahudawa suka zauna a da. Ya shigar da ni farfajiyar babban masallacin, wadda ke cike da itatuwan lemo, ya nuna mini ƙofar ciki ya ce ba yau ba, wannan sai safiyar ƙarshe, ya riga ya sayi tikiti mai lokaci, yana so shi ne zai zauna mini a ido. Ya ce yanzu coci ne, ba a barin kowa ya yi sallah a ciki. Duk inda muka bi masu yawon buɗe ido suna ɗaukar hotona saboda kaftanin. Wani ma ya ba ni wayarsa, na zaci so yake in ɗauke shi, ashe so yake matarsa ta tsaya kusa da ni.

Ina kallo, amma raina yana gindin lemon. Manu yana bayanin wane sarki ya gina wane bango, ni ina lissafin ko tsohon yana zaune shi kaɗai yanzu. A kan tsohuwar gadar dutse na cire hula don in share gumi, na ɗora ta a kan bango. Wata ƙungiya ta zo wucewa bayan mai ɗaga laima, jakar wani ta share hular. Na leƙa na ga tana juyawa a kan ruwa, agwagi suna binta.

"Zan saya maka wata," in ji Manu.

"Babu irinta a nan."

"Hula ce fa, habibi."

Ban ce masa ta gaisuwa ce ba.

Sau ɗaya na kusa. Na fito da sassafe na tarar da Baba Rafayel shi kaɗai yana shan kofi. Na ja kujera. Na ce, "Baba." Ya ɗago gira yana jira. Roƙon Manu ya riƙe mini harshe, in faɗa tsohon ya tashi ya ƙi cin abinci, ni na jawo, a gidan da aka sayi kasko domina. Muna kallon juna sai ga ƙarar makulli. Yalla, yalla.

Kullum Hadiza sai ta kira.

"Ka yi?"

"Ban samu wuri ba tukuna."

"Gidan ba shi da ƙasa ne?"

"An ce kada in ambace ta."

"Ikon Allah. To me ka je yi, Malam? Kallon gada? Ai akwai gada a Kaduna."

Abin da ya fi wahalshe ni shi ne barcinsu na rana. Da an ci abinci sai garin ya mutu. Kantuna a rufe, tagogi a rufe, ko kare ba ya haushi. Ranar farko na zaci wani babba ne ya rasu. Ni kuwa a wannan lokacin jikina ya saba da aiki, lokacin ne kwantena ke shigowa Warsan. In kwanta, in juya, in tashi, in zauna, ƙararrawar coci ta buga, in sake kwanciya. In leƙa ta taga, sai in ga ba ni kaɗai ba ne. Tsohon ma ba ya barci. Yana kan kujerarsa, kansa a ɗage, yana kallon busassun tukwanen sama.

Ana gobe zan tafi, abin ya ishe ni. Kaftani ya yi datti Lola ta jiƙa shi, hula tana wurin agwagi. Na fito tsakar gida da singileti da silifa, ba don komai ba sai don ƙafata ta ƙi zama. Na gaishe da tsohon da hannu. Na zagaya rijiya. Na sake zagayawa. Na ga Manu kullum da tiyo yake ba tukwanen ƙasa ruwa, ban taɓa ganin wanda ya taɓa gorar nan ba, na ɗauka ƙyuya ce ta 'yan zamani. Na ce tunda na kasa yin abin da ya kawo ni, bari dai in yi wa gidan wani amfani. Na ɗauki gora, na cika gwangwanin a bokiti, na ɗaga.

Tsohon ya miƙe zaune.

Ta farko ta sha ruwa lafiya. Ta biyu rabin ruwan a kaina ya sauka. A ta uku bakin gwangwanin ya maƙale a bakin tukunya, na ja, ta fito daga zobenta. Na ga tana tahowa a hankali kamar a mafarki. Ta daki ƙasa ta tarwatse, kyanwa ta haye rijiya.

Manu da Lola suka fito a guje. Lola ba tukunyar ta kalla ba, gorar da ke hannuna ta kalla, ta toshe baki da hannu. Manu ya ce a hankali, "Ta Mama ce. Baba ba ya barin kowa ya taɓa ta."

Na tsaya riƙe da gora, ruwa yana bin wuyana. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Sai tsohon ya yi magana. Kalmar farko na gane ta ba tare da tafinta ba, don na ga yadda 'ya'yansa suka daskare. "Karmen," ya ce. Ya nuna ɓaraguzan da yatsa ya ci gaba, can sai ya fara wata irin dariya, hawaye suna bin ta. Na dubi Manu.

"Ya ce duk bazara sai ta fasa guda biyu," in ji Manu. "Ta share wurin da sauri ta ce kyanwa ce. Ya ce tun aurensu ya sani, bai taɓa faɗa mata ba."

Tunda maigida da bakinsa ya ambace ta, ni kuma me ya rage? Na jingine gora. Na cire silifa. Na zauna a ƙasa gabansa cikin laka da ɓaraguzai, da singileti, kai ba hula.

"Manu, ka yafe ni. Abin da ya kawo ni ke nan."

"Wane abu?"

"Gaisuwa. Irin wadda ka zo mini a Satwa."

Ya dube ni. "Hutunka ka ba da saboda wannan? Ba ka je wurin yaranka ba?"

"E."

"Ni kuma ina ta jan ka kallon duwatsu. Me ya hana ka faɗa?"

"Ba ka tambaya ba."

Ya faɗi wata kalma da yarensu wadda Lola ta harare shi a kanta. Sannan ya cire takalmansa, ya zauna kusa da ni, gwiwoyin nan har yau ba su koyi lanƙwasuwa ba. Ya yi wa mahaifinsa bayani. Tsohon ya goge fuska da bayan hannu, ya gyara zama.

Da Hausa na yi, don ba ni da ita a wani yare. Na ce, "Baba, ya haƙuri? Ya muka ji da wannan rashi? Allah ya ba ka haƙuri. Allah ya ba ka juriya. Allah ya albarkaci abin da ta bari, ya haɗa kansu. Matata Hadiza ta ce in gaishe ka, mutanen ɗakinmu ma sun ce in gaishe ka."

Manu bai fassara ba. Ya matsa kunnen mahaifinsa ya raɗa masa wani abu. Ashe zaman da ya yi a falonmu, yana jin ana tambaya ana amsawa, amsar ta zauna masa. Tsohon ya gwada ta a baki sau ɗaya, sannan ya dube ni ya ce, "Da godiya."

Lola ta shiga ciki ta fito da kwalin dabino, ta ba shi guda ɗaya da hannunta. Ita ma ta zauna a bakin rijiya. Har rana ta yi sanyi suna ba da labarin Karmen, Manu yana tsinto mini abin da ya iya. Tsohon ya tambayi yadda muke binne namu. Na ce ba akwati, farin yadi ne, kuma a garinmu tukwane ake fasawa a jera a bakin ramin kafin a zuba ƙasa. Ya sa Manu ya maimaita masa wannan. Ranar ya ci abinci har ya nemi ƙari.

Da safe na shirya don masallaci, kaftani ya bushe. Na fito na tarar da Baba Rafayel a zaure, farar riga da guga, malafa a kai, sanda a hannu. Ya ce wani abu. Manu ya fito da tikiti biyu daga aljihu ya duba agogo.

"Wai yana so ya kai ka ka gan ta. Tun ranar binnewa bai koma ba. Amma Haladu, lokacin shigarmu yanzu ne, jirginka kuma da azahar. Ɗaya za a samu."

Na tuna Injiniya Sadik, na tuna duk wanda ya ce in ɗauko masa hoto. Na karɓi hannun tsohon muka fita.

Maƙabartarsu ba irin tamu ba ce. Dogayen bangaye ne masu ramuka hawa-hawa, wani a saman wani kamar gadajenmu na Satwa, kowane rami an toshe shi da dutse mai suna da hoto. Akwai tsani mai taya da ake turawa. Na Karmen a hawan sama yake. Lola ta dasa abin da ya rage na furen jiya a wani gwangwani, Manu ya hau da shi, ni na riƙe tsani. Yana sama tsohon ya sa hannu a aljihu ya fito da guntun tukunyar nan, shuɗi, ya miƙa mini, na miƙa wa Manu, ya ajiye shi a bakin dutsen. Baba Rafayel ya daɗe yana magana da bangon, a hankali, kamar mai ba da labarin abin da ya faru a gida bayan tafiyar mutum. Na ji ya ambaci sunana. Da ya ga rana tana dukan sanƙona, ya cire malafarsa ya ɗora mini. Yanzu Razak ne ke sa ta in zai hau sama shanya.

A tashar jirgin ƙasa na kira Hadiza.

"Ka yi?"

"Na yi."

"Ya amsa?"

"Ya amsa."

"To alhamdu lillahi. Sai ka koma bakin aikinka."

Juma'ar farko bayan dawowata Injiniya Sadik ya tare ni a bakin masallaci, tun ban gama sa takalmi ba. Da na faɗa masa a farfajiya na tsaya, ya cire tabarau ya dube ni.

"Malam Haladu, ka je har ƙofa? Mutane suna mafarkin wurin nan."

"Na je har ƙofa, Injiniya."

"To me ka gani a garin?"

Na ce zan rubuta masa. Ga shi na rubuta.

Abin da na rasa a tafiyar kuwa ba shi da yawa, ga shi: kilishin Hadiza, yana kwandon Madrid. Hular Sallah, tana kogi. Tukunyar fure ɗaya, wadda ba tawa ba ce. Cikin masallacin Ƙurɗuba, ban gan shi ba. Sai hutun shekara guda, wanda a cikinsa autata ta fara tafiya, a waya na gani.